Taimaka wa maras lafiya ya mutu: tambayoyi da amsoshi kan doka, Shari'a da haƙƙin ɗan Adam

Tambayoyin nan daga bakin masu jinya suke fitowa, waɗanda suka daɗe da maras lafiya a asibitocin Katsina da Daura har ciwo ya ci ƙarfinsa, sai kuma ɗaliban lauya da na aikin jinya. Yawancin masu tambaya ba kisa ne a ransu ba. So suke su san inda iyaka take: wane mataki ne laifi, wane ne haƙƙin maras lafiya. Bayani ne na gaba ɗaya. Wanda magana ta kai shi gaban 'yan sanda ko kotu, ya nemi lauya.

Me ake nufi da taimaka wa mutum ya kashe kansa, kuma ina bambancinsa da kisan tausayi?

Abubuwa huɗu mutane ke cakuɗawa, alhali doka ba ta ɗauke su ɗaya ba. Akwai wanda zai samo wa mutum abin da zai hallaka kansa da shi, ko ya nuna masa hanya, ko ya zuga shi, amma mai ran ne ya aikata da hannunsa. Wannan shi ne taimakon kashe kai. Akwai kisan tausayi, inda likita ko ɗan'uwa ne ya aikata da nasa hannun, da sunan yanke wa mutum wahala. Waɗannan biyun laifi ne a kowace jiha ta Najeriya, kuma haramun ne a Musulunci.

Sauran biyun daban suke. Maras lafiya mai hankali zai iya cewa ba ya son wani magani, ko likitoci su janye maganin da ya daina amfani, cutar ta ci gaba da aikinta. Haka kuma ana iya ba mutum maganin kashe zafi mai ƙarfi don ya sami sauƙi. Idan an bi ƙa'ida, babu laifi a cikinsu. Abin da alƙali da malami za su duba iri ɗaya ne: mene ne ya yi sanadin mutuwar, cutar ko aikin hannun wani, kuma da wace niyya aka yi.

Me dokar da ake aiki da ita a Katsina ta ce?

Katsina tana bin tsarin Final Kod, kundin laifuffukan Arewa da ya fara aiki a 1960. A kundin na asali, sashe na 228 ya ce wanda ya taimaka ko ya zuga wani ya kashe kansa, za a iya ɗaure shi har shekara 10, da tara a kai. Sashe na 227 ya fi tsanani: idan wanda ya mutu bai kai shekara 18 ba, ko yana da taɓin hankali, ko yana cikin maye, ko zafin ciwo ya sa yana sambatu bai san inda kansa yake ba, hukuncin mai taimakon kisa ne. Masu jinya su lura da wannan na ƙarshe, domin mai cutar daji da ta yi nisa, ko mai ciwon ƙoda ko hanta, hankalinsa kan gushe ya dawo a kwanakin ƙarshe. Lambobin nan na kundin asali ne. Jihohin da suka sabunta nasu sun sauya lambobi, don haka lauya zai duba bugun da kotu ke riƙe da shi.

Taimako ba sai an miƙa abu hannu da hannu ba. Sayowa, ajiyewa kusa da shi da sanin abin da zai yi, bayyana masa hanya a waya ko a WhatsApp, duk suna iya shiga. A jihohin Kudu masu bin Kiriminal Kod, sashe na 326 ya sa ɗaurin rai da rai.

Idan shi da kansa ya roƙa, har ya rubuta, yardarsa ba za ta wanke mutum ba?

Ba za ta wanke shi ba. A Final Kod, abin da yarda ke yi kawai shi ne sauko da laifin mataki ɗaya. Sashe na 222(5) ya ce idan wanda ya haura shekara 18 ya mutu da yardarsa, kisan ya fita daga wanda hukuncinsa kisa ne, ya koma ƙarƙashin sashe na 224, inda ɗauri zai iya kaiwa na rai da rai. Kuma wanda ake tuhuma ne zai sha wahalar nuna cewa yardar ta gaskiya ce, alhali babban mai shaidarsa yana kabari. A Kudu ko wannan rangwamen babu: sashe na 299 na Kiriminal Kod ya ce yardar mutum da a kashe shi ba ta rage wa mai kisan komai.

Cewa "ai dama mutuwa zai yi" ma ba kariya ba ce. Wanda ya gaggauta mutuwar mai ciwo, doka ta ɗauke shi a matsayin wanda ya kashe shi, ko da kwana ɗaya ya rage masa. Sashe na 311 na Kiriminal Kod ya faɗi haka ƙarara, kuma ƙa'idar ɗaya ce a Arewa.

A Shari'ar Musulunci fa, wadda kotunan jihar ke hukunta Musulmi da ita tun 2000?

Haramcin ba shi da saɓani. Allah ya ce kada ku kashe kanku (Nisa'i, aya ta 29), ya kuma hana taimakekeniya a kan zunubi (Ma'ida, aya ta 2). Buhari da Muslim sun ruwaito hadisin mutumin da rauni ya dame shi, ya kasa haƙuri ya gaggauta ajalinsa, aka haramta masa Aljanna. Wato tsananin ciwo, wanda shi ne ainihin hujjar masu neman a halatta, an ambace shi a nassi kuma ba a karɓe shi uzuri ba.

Inda malamai suka saɓa shi ne hukuncin duniya a kan wanda ya kashe mutum da izininsa. Mazhabar Malikiyya, wadda alƙalanmu ke bi, ta fi tsauri: a Muhtasar, Shehu Halilu ya ce ƙisasi yana nan ko da mamacin ya ce "in ka kashe ni na yafe maka". Dalili kuwa, ya yafe haƙƙin da bai riga ya tabbata ba, kuma bayan mutuwarsa haƙƙin na waliyyan jini ne. Hanafiyya sun kawar da ƙisasi saboda shubuha, suka wajabta diyya. Wanda kuwa ya samo abin kawai, mutumin ya aikata da kansa yana sane, malamai kan sa shi a babin ta'aziri, alƙali ya yanke abin da ya ga ya dace.

Akwai batun gado da iyalai ba sa tunawa da shi. A Risala an bayyana cewa mai kisan ganganci ba ya gadon wanda ya kashe, ba daga dukiya ba, ba daga diyya ba. Ɗan da ya ce tausayin mahaifinsa ne ya sa shi, rabonsa ya faɗi.

Tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin rayuwa. Wannan bai haɗa da haƙƙin mutum ya zaɓi mutuwa ba?

Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya ce ba za a raba kowa da ransa da gangan ba, sai ta hukuncin kotu, da wasu 'yan yanayi da ya lissafa kamar kare kai da kwantar da tarzoma. Roƙon maras lafiya ba ya cikinsu. Sashe na 4 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, wadda Najeriya ta mayar dokar gida, shi ma kare rai ya yi.

A waje, kotuna sun rabu. A 2002 wata 'yar Birtaniya, Diane Pretty, mai cutar da ke shanye jijiyoyi, ta nemi a tabbatar mata ba za a tuhumi mijinta ba idan ya taimaka mata. Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta ce haƙƙin rayuwa ba ya juyewa ya zama haƙƙin mutuwa, ta kuma sake tsayawa kusa da wannan matsayi a 2024 a ƙarar wani lauya ɗan Hangari. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke makamancin haka a 1997. Amma Kotun Ƙolin Kanada a 2015 da Kotun Tsarin Mulkin Jamus a 2020 sun bi ɗaya hanyar, suna dogaro da 'yancin mutum a kan jikinsa. Kwamitin Haƙƙin Ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a bayaninsa na 36 na 2018, bai tilasta wa kowace ƙasa ta halatta ba. Cewa ya yi ƙasashe su yi ƙoƙarin hana kashe kai, waɗanda kuma suka halatta taimakon likita su sa tsauraran matakan kare marasa lafiya daga matsi.

To maras lafiya yana da ikon ƙin magani ko tiyata, ko da hakan zai kai shi ga mutuwa?

Yana da shi, in baligi ne mai hankali kuma an yi masa bayani. Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar da haka a 2001 a shari'ar Dokta Okonkwo, likitan da aka hukunta saboda ya mutunta wata mata mabiyar Shaidun Jehobah da ta ƙi ƙarin jini har ta rasu. Kotun ta wanke shi, ta ce 'yancin sirri da 'yancin addini, waɗanda yanzu suke sashe na 37 da na 38, sun ba baligi damar ƙin magani. Sashe na 23 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya wajabta wa ma'aikacin lafiya ya gaya wa maras lafiya halin da yake ciki, da hanyoyin magani, da haɗarinsu da kuɗinsu, da haƙƙinsa na ƙi, cikin harshen da yake ji. Wanda ba ya jin Turanci, haƙƙinsa ne a yi masa bayani da Hausa.

Yara ba haka ba ne. A 2019, a shari'ar Esabunor, Kotun Ƙoli ta ce kotu na iya ba da umarnin a yi wa yaro maganin ceton rai ko da iyaye sun ƙi. Mace baliga kuwa ita ke da ta cewa a jikinta. Al'adar asibitocinmu ta jiran maigida ya sa hannu tana da amfani wajen zaman lafiyar gida, amma a doka sa hannunsa ba ya maye nata, kuma ba shi da ikon hana ta maganin da take so.

A fiƙihu, jumhurun malamai ba su wajabta kowane magani ba, musamman wanda ba a da tabbacin amfaninsa. Amma idan likitoci suna da rinjayen zaton maganin zai ceci rai, malaman wannan zamani da dama sun ce wajibi ne a yi shi. Don haka abin da doka ta ƙyale ba lallai ne malami ya ƙyale ba.

Likitoci sun ce babu sauran abin yi. Idan muka mai da Baba gida ya cika a ɗakinsa, mun yi laifi?

Ba ku yi ba, in shi yake so, ko likitoci sun tabbatar zaman asibitin ba zai ƙara masa komai ba. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa hannu a takardar fita ba da yardar likita ba, a kwashi kaya da dare. Wanda ya fita haka yakan tafi babu magani, babu takardar bayani, kwana biyu zafi ya dawo babu wanda za a kira. Ku nemi ganin babban likitan da ke kula da shi, ku ce kuna son sallama don jinyar gida. Ku karɓi takardar da ta bayyana cutar, da maganin zafi na aƙalla mako biyu, da ranar dawowa karɓar wani. A nuna wa mutum biyu yadda ake juya shi duk bayan awa 2 don kada bayansa ya yi gyambo, da yadda ake kula da robar fitsari in yana da ita.

Abin da zai iya zama laifi shi ne a ɗauke mai cutar da ke warkewa alhali yana son magani, ko a kai shi gida a rufe ɗaki babu abinci babu kulawa.

An sa ɗanmu a na'urar numfashi. Cire ta kisa ne?

Ya danganta da halin da ƙwaƙwalwarsa take ciki, kuma a nan ne iyalai suka fi ruɗewa. Doguwar suma daban, mutuwar ƙwaƙwalwa daban. Mai doguwar suma yana iya farfaɗowa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu gaba ɗaya ba ya iya jan numfashi ko sau ɗaya da kansa, ƙwayar idonsa ba ta motsi da haske, ba ya tari in an taɓa maƙogwaronsa. Na'ura ce ke hura huhu, zuciya kuma tana bugawa don iskar na isa gare ta. Kafin a yanke wannan hukunci, dole a tabbatar ba maganin barci ba ne ko sanyin jiki ya kwantar da shi, kuma a maimaita gwajin.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta ce idan ƙwararru sun tabbatar aikin ƙwaƙwalwa ya tsaya tsayawar da ba ta dawowa, ya halatta a cire na'ura. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya da ke Makka, a 1987, ta yarda da cirewar bisa shaidar ƙwararrun likitoci uku, sai dai ta ce ba a hukunta mutuwa sai zuciya da numfashi sun tsaya. Bambancin yana da tasiri: lissafin takaba da rabon gado, a fatawar Makka, daga tsayawar zuciya yake farawa.

A aikace, likitoci ne ke cirewa, bayan zama da iyali, a rubuta dalili a fayil. Ɗan'uwan da ya zare waya ko ya rufe iskar oksijin da hannunsa ya faɗa cikin abin da aka bayyana a amsar yarda da ke sama.

An rubuta wa Inna morfin. Mutane suna cewa allurar sallama ce. Gaskiya ne?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan jita-jita ta sa mutane da yawa sun mutu cikin azabar da ake da maganinta. Dalilin zargin shi ne a wurinmu ba a fara ba da morfin sai mutum ya zo gargara, sai a ga an ba shi jiya ya rasu yau. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakan maganin zafin cutar daji, daga farasitamol zuwa morfin. Likita kan fara da ɗan kaɗan ta baki, kamar miligiram 2.5 zuwa 5 duk bayan awa 4, yana ƙarawa a hankali gwargwadon zafin. In an bi haka, ba ya rage kwana. Mai ciwon ƙoda ne ake yi wa taka-tsantsan na musamman, domin maganin yana taruwa a jikinsa.

Inda ake samun matsala sananne ne. Ana jira sai ta fara ihu kafin a ba ta, alhali bisa agogo ake sha don kada zafin ya dawo. Ana tsorata da barcin kwana biyu ko uku na farko, wanda yake wucewa. Ana mantawa da maganin sakin ciki, alhali kusan duk mai shan morfin cikinsa kan ɗaure. Ana kuma kiran mai kemis ya ƙara mata allurar fentazosin, wadda ake kira fenta, a kai, ita kuwa tana rage ƙarfin morfin ne. A ajiye kwalbar a kulle, mutum ɗaya ya riƙe makulli da littafin rubuta lokaci, abin da ya rage kuma a mayar asibiti.

Ta fuskar doka da addini, niyyar kashe zafi da ma'aunin da likita ya rubuta su ne kariya. Wanda ya ninka ma'auni don "ta huta gaba ɗaya" ya bar jinya ya shiga kisa.

Ya daina cin abinci. Mu ɗura masa, ko mu bar shi?

Hana mai so abinci da ruwa don ya mutu laifi ne, kuma malamai sun haramta. Amma jikin da ya kusa ajali da kansa yake daina neman abinci, kuma ɗura kunu ga wanda ba ya iya haɗiya yana kai shi huhu, ya jawo sarƙewa da ciwon haƙarƙari. A riƙa miƙa masa kaɗan-kaɗan in yana karɓa, a jiƙa masa leɓe da baki. Batun sa robar abinci ta hanci kuwa, a tambayi likita ko za ta ƙara masa jin daɗi ko wahala.

Kuɗin wankin ƙoda sun ƙare. Idan muka daina kai shi, mu muka kashe shi?

A'a. Ciwon ƙoda ne zai yi ajalinsa, kuma Allah bai ɗora wa rai abin da ba ya iyawa ba. Amma kada a ɓace daga asibiti shiru. Wanda ƙodarsa ta tsaya gaba ɗaya, in an daina wanki, yawanci mako ɗaya zuwa biyu ne, kuma akwai magungunan rage haki da ƙaiƙayi da tashin zuciya. Kafin a yanke, a je sashen walwalar marasa lafiya na asibitin, a bincika shirin inshorar lafiya na jiha da asusun marasa galihu da dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanada, a kuma nemi zakka ba tare da kunya ba. Kuma a gaya wa maras lafiyan gaskiya. Yanke masa shawara a bayan idonsa shi ne tauye haƙƙin da aka fi yi a nan.

Waɗanne ƙasashe ne suka halatta, kuma da waɗanne sharuɗɗa?

Holan da Beljiyam sun fara aiki da dokokinsu a 2002, Luksambag a 2009, Kanada a 2016, Sifaniya da Niyu Zilan a 2021. Jihar Oregon ta Amurka ta fara a 1997, ga wanda likitoci suka ce bai wuce wata 6 ba, kuma shi zai sha da hannunsa. Suwizalan ta daɗe da nata salon: sashe na 115 na kundinta bai hukunta mai taimako ba sai in don son zuciya ya yi. Sharuɗɗan da aka fi samu su ne cikakken hankali, roƙo fiye da sau ɗaya, da ra'ayin likita na biyu. A Ingila kuwa, dokar 1961 ta sa wa mai taimako ɗaurin da zai iya kai shekara 14.

A Afirka babu ƙasar da ta halatta. A 2015 wata babbar kotu a Afirka ta Kudu ta ba wani lauya mai cutar daji izini, ya rasu sa'o'i kaɗan kafin a karanta hukuncin, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta soke shi a 2016.

Masu goyon baya ba su da hujja ne ko kaɗan?

Suna da ita, kuma ba daidai ba ne a ɗauke su marasa imani da tausayi. Suna cewa akwai wahalar da magani ba ya kawarwa duka, cewa mutum ya fi kowa iko da jikinsa, kuma hanawa na tura wasu su mutu su kaɗai a ɓoye.

Sai dai abin da ya faru bayan halattawa abin dubawa ne. A 2023 mutum 9,068 suka mutu ta wannan hanya a Holan, kashi 5.4 cikin ɗari na mace-macen shekarar. A Kanada 15,343. Beljiyam ta cire iyakar shekaru a 2014. Kanada ta buɗe wa waɗanda ajalinsu bai kusa ba a 2021, har Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Naƙasassu ya nemi ta janye wannan a 2025. Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta sake jaddada adawarta a 2019, kundin ɗa'ar likitocin Najeriya ma ya haramta. A ganinmu, ko an ajiye hujjar addini gefe, a ƙasar da iyali ke sayar da gona don biyan kuɗin gado, tsohon da ya ce "ku bar ni in tafi" ba zaɓi yake yi ba, nauyi yake ƙoƙarin sauke wa 'ya'yansa. Haƙƙin da ake tauye wa majinyacin Katsina yau shi ne na samun maganin zafi da bayanin gaskiya, kuma a kansa ya kamata a matsa wa hukumomi.

In aka kai mutum ƙasar da ta halatta fa?

Yawancinsu mazauna ƙasar kawai suke karɓa. Suwizalan ce aka sani da karɓar baƙi. Amma shirye-shiryen, biyan kuɗi da sayen tikiti da haɗa takardu, a nan za a yi su, kuma su ne taimakon da doka ke hukuntawa. Hukuncin addini kuwa ba ya sauyawa da tsallake iyaka.

Zan iya rubuta abin da nake so a yi mini in hankalina ya gushe?

Za ka iya, kuma yana rage rigima tsakanin 'ya'ya da matan gida. Najeriya ba ta da doka ta musamman da ta tsara irin wannan takarda kamar yadda Kotun Ƙolin Indiya ta amince da ita a 2018, amma tunda kana da haƙƙin ƙin magani, rubutunka shaida ce mai ƙarfi ta abin da kake so. Ka zauna da likitanka ya bayyana maka matakan da ke iya zuwa: danna ƙirji in zuciya ta tsaya, na'urar numfashi, wankin ƙoda. Ka rubuta wanda ka yarda da shi da wanda ba ka so, da kwanan wata, da shaidu biyu waɗanda ba magadanka ba. Ka ambaci mutum ɗaya da zai yi magana a madadinka. Kwafi ɗaya a fayil ɗin asibiti, ɗaya a hannunsa. Umarnin a kashe ka ba shi da ƙarfi, a kotu ko a wasiyya.

Yayana yana yawan cewa "gara in mutu in huta". Me zan yi?

Kada ka yi masa wa'azin wuta, kada kuma ka share. Zauna ka tambaye shi kai tsaye: Yaya, zafi ne, ko tunanin kuɗi, ko kana tunanin yi wa kanka wani abu? Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin. Sau da yawa sauƙi take kawo masa. In zafi ne, koma ga amsar morfin. In ya daina barci, ya yanke ƙauna, yana ganin kansa kaya, wannan ciwon damuwa ne, kuma ana maganinsa ko a jikin mai cutar daji. Ka gaya wa likitansa, ka nemi a haɗa shi da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kamar na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina.

In ya ambaci hanya ko lokaci, kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da magunguna da duk abin da ke iya cutarwa daga ɗakin, a kai shi asibiti a ranar. Annabi (SAW) ya hana fatan mutuwa saboda cuta, amma ya koyar da madadinsa: Allah ka raya ni matuƙar rayuwa ce mafi alheri gare ni, ka karɓi raina in mutuwa ce mafi alheri. Ana iya karanta ta tare da shi.

Wanda ya yi yunƙurin kashe kansa bai mutu ba, kama shi ake yi?

Sashe na 231 na Final Kod ya sa ɗaurin da bai wuce shekara 1 ba, ko tara, ko duka biyun. Tsoron wannan ke sa iyalai su ɓoye mutum a gida har lokacin ceto ya wuce. Ku kai shi asibiti nan take: sashe na 20 na Dokar Lafiya ta 2014 ya hana ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyun, ga wanda ya ƙi.

Legas ta mayar da hukuncin zuwa umarnin kwantarwa a asibiti tun 2011. Gana ta soke laifin a 2023. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye tsohuwar dokar 1958, amma ba ta taɓa sashen da ke hukunta mai yunƙurin kashe kansa ba, kuma a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa kwamitin da zai yi aikin soke shi. Gyaran kundin jiha aikin Majalisar Dokokin Katsina ne, kuma muna ganin ya kamata ta yi: gidan yari ba ya maganin damuwa, kuma cire hukunci daga kan mai yunƙuri bai taɓa hukuncin mai taimako ba. In kuwa mutum ya rasu ta haka, a Malikiyya ana yi masa wanka da salla kamar kowane Musulmi.

Muna zargin an gaggauta mutuwar mahaifiyarmu. Ina za mu kai kuka?

Lokaci ne babbar matsala, domin muna binne mamaci cikin sa'o'i, kuma bayan binnewa tabbatar da sanadi yana da wuya ƙwarai. In zargin mai ƙarfi ne, a sanar da 'yan sanda kafin jana'iza, a nemi a ɗauki jini da sauran samfuri, a adana kwalabe da fakitin magungunan da ke ɗakin. A rubuta wa shugaban asibitin takarda ana neman a killace fayil ɗinta da takardar ba da magani ta nas-nas, a riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Ƙorafi a kan likita yana zuwa Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya, da rantsuwar kotu a rubuce. Kwamitin bincikenta ne ke duba ko za a miƙa shi ga kotun ladabtarwa, wadda ke iya dakatar da shi ko soke lasisinsa. Na nas yana zuwa Majalisar Nas-nas da Ungozomomi. Tuhumar kisa kuwa ta hannun 'yan sanda da Ma'aikatar Shari'a ta jiha take bi. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauya ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa a Katsina. Kafin duk wannan, ku nemi babban likitan ya zauna da ku da fayil a buɗe, ku zo da wani ma'aikacin lafiya da kuka yarda da shi ya duba ma'aunin maganin da lokutan da aka ba ta.